Maigida Ɗaya, Sana'a Huɗu

Duk wanda ya zauna a Matameye ya san irin maigidan da nake nufi, wanda yake da kanti a bakin kasuwa, da injin niƙa a cikin unguwa, da gonar rake a fadama, da mota mai zirga-zirga tsakanin Damagaram da iyakar Ɗan Barto, amma makullan duka suna ɗaure a bakin aljihunsa, har ba a sayen litar gazuwal sai an tashe shi daga ƙailula. Mutane suna yaba masa da himma. Ni kuwa ina ganin zalunci ne yake yi wa jikinsa, alhali jiki amana ne, kuma yana tauye ƙannensa da 'ya'yansa, waɗanda suka girma ba su taɓa rufe lissafin yini da hannunsu ba.

Malaman Malikiyya sun daɗe da share hanyar mafita, domin hukuncin ƙiradi yana nan cikin Risala: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya shi, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. Me zai hana a yi haka tsakanin wa da ƙane, a rubuce, gaban shaidu? Kunya ce kawai ke hanawa, wai kada a ce an tuhumi ɗan'uwa.

Da Nijeriya ta rufe iyaka a 2019, sannan a 2023, gidajen da kowane reshe yake da mai riƙonsa da littafinsa sun fi saurin gane inda asara take shigowa, suka tsayar da mota, suka ƙarfafa fadama.