Filin Kimiyya: Gajeriyar Alkama da Zurfin Shuka

A wannan mako za mu duba dalilin da ya sa alkamar zamani ba ta son a binne ta da zurfi.

A shekarar 1926 wani masani ɗan Japan mai suna Kurosawa ya binciki wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da kima har ta faɗi. Ta wannan hanya aka gano sinadarin da ake kira jibaralin, wanda daga baya aka tabbatar tsiro da kansa yana yin sa. A jikin tsiro akwai wani abu mai hana kara miƙewa, tamkar dabaibayi a ƙafar doki, aikin jibaralin kuwa shi ne ya kwance wannan dabaibayi.

To, akwai wata alkama ta Japan, Norin 10, wadda ƙwayoyin gadonta suka sami sauyi, har jibaralin ya kasa kwance dabaibayin sosai, saboda haka ta zama gajeriya. Norman Borlaug ya haɗa jininta da na alkamar Meziko, a 1962 aka fito da sababbin iri. Alkamar da, idan ta sha takin zamani sai ta yi tsawo, iska ta kwantar da ita. Wannan kuwa tana tsaye, ƙarfinta ya tafi ga zangarniya. Indiya da Pakistan sun ci moriyarta ƙwarai, aka kuma ba Borlaug lambar Nobel a 1970. Sai a 1999 masana a Ingila suka gano ainihin ƙwayar gadon da ta sauya.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Idan ƙwayar alkama ta tsiro, wani kube ne ke fara huda ƙasa, ganyen fari yana cikinsa. Sauyin da ya gajarta kara shi ne ya gajarta kuben nan. In aka zurfafa iri, sai ganye ya fito tun yana ƙarƙashin ƙasa, ya nannaɗe, ya mutu bai ga rana ba.

Don haka muna jan hankalin manoman rani na Kadawa da Bakolori da sauran wurare, kada zurfin shuka ya wuce santimita 5. Wanda ya ga gonarsa ta fito jefi-jefi, ya tona ya duba kafin ya zargi mai sayar da iri.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.