Kiwon Gizo-gizo Mai Haƙa Rami

A wannan fili mun saba yin magana a kan kaji da zomaye da tattabaru, watau abin da yaro ya ke iya kiwo a bayan ɗaki. A wannan wata za mu yi nisa kaɗan. Iyalai namu da su ke zaune a Ingila da Amurka su kan tarar da wani kiwo wanda ba su san shi a gida ba. Yaro ya komo daga makaranta ya ce abokinsa yana kiwon gizo-gizo, shi ma a saya masa. Uwa ta riƙe baki, gama ita Gizon da ta sani shi ne mijin Ƙoƙi, sai kuwa wanda ta ke sharewa da tsintsiya. To, kafin iyaye su ce i ko a'a, ya kamata su san abin da a ke roƙonsu.

Wannan babban gizo-gizo mai gashi sunansa tarantula. Sunan ya fito daga Taranto, wani gari a kudancin Italiya. Irinta sun fi 1,000 a duniya. Waɗansu a kan itatuwa su ke zama, waɗansu a ƙarƙashin duwatsu, waɗansu kuwa rami su ke haƙawa kamar gyare. A kan masu ramin za mu tsaya, musamman wadda a ke samu a Kosta Rika da maƙwabtanta, wadda masana su ke kira Aphonopelma seemanni, domin tana cikin waɗanda a kan sayar wa sabon shiga. Baƙa ce, da farin zane a ƙafafunta, har Turawa suna kamanta ta da jakin dawa. In ta miƙe ƙafafu ta kan kai inci 4 zuwa 5.

Abu na fari da mu ke so iyaye su lura da shi, shi ne tsawon ranta. Namiji ba ya daɗewa, in ya balaga shekara ɗaya ko biyu ta rage masa. Amma mace ta kan kai shekara 15, har 20. Yaron da aka saya wa yana ɗan shekara 12 zai gama makaranta, ya sami aiki, watakila har ya yi aure, tana nan a cikin akwatinta. Saboda haka a yi wannan magana tun ba a biya kuɗi ba: ran da ya bar gida, wa zai duba ta? In amsar ita ce uwa, sai a tambayi uwa da kyau.

Gidanta ba shi da wuya. Akwati ne na gilashi ko na roba, mai murfi da ya ke rufuwa sosai, da ƙananan huji a gefe domin iska. Faɗinsa ya yi kamar sau uku na tsawon ƙafafunta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zurfin ƙasar da za a zuba a ciki. Ga babba, kada ta kasa inci 6, in ta kai 8 ya fi. Masu kiwo su kan yi amfani da garin ɓawon kwakwa, ko ƙasar da ba a taɓa zuba mata taki ko magani ba, ko su gauraya su biyu. Rairayi kaɗai ba ya yi, gama ramin zai rufta. Ga yadda a ke gwada laimarta: a damƙi ƙasar a hannu, in ta dunƙule kamar fura, ruwa kuwa bai ɗigo ba, ta yi daidai. A danne ta da hannu sosai, sa'an nan a fara mata ɗan rami da yatsa a kusurwa ɗaya, a jikin gilashi, a jingina ɓawon itace a bakinsa. Sau da yawa ta kan karɓi wannan wuri ta ci gaba da haƙa, mai kiwo kuma ya sami tagar leƙe.

Wannan ƙasa mai yawa tana da wani amfani kuma. Cikin tarantula yana da laushi ƙwarai. In ta hau bangon akwati ta faɗo daga nesa, cikin ya kan fashe, da wuya kuwa ta tashi. Don haka kada tsakanin ƙasa da murfi ya fi tsawon ƙafafunta sau ɗaya da rabi.

A ajiye mata ruwa a ƙaramin murfin kwalba, kullum da ruwa mai tsabta, ba auduga ba soso. Lokaci lokaci a bar ruwa kaɗan ya malala a kusurwa ɗaya domin ƙasan ya zauna da laima, saman kuwa ya bushe. In ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska kuma ba ta shiga, fumfuna za ta fito. Zafin da mutum ya ke jin daɗinsa a ɗaki ya ishe ta, watau digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Santigiret. Kada a ajiye akwatin a taga inda rana ta ke bugawa. A ƙasashen sanyi kuma kada a sa abin ɗumama a ƙarƙashinsa. Dalili shi ne, a daji in zafi ya dame ta ƙasa ta ke nutsawa ta nemi sanyi. In wutar tana ƙasa, sai ta yi ta haƙa tana kusantar abin da ta ke gudu.

Yanzu ga inda mafi yawan sababbin masu kiwo su ke kāsawa. An kawo ta gida, an sa ta a akwati, kwana biyu tana yawo, kowa yana kallo. A rana ta uku ta shiga ƙasa. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba a ga ko ƙafarta ba. Wata safiya ma a tarar ta toshe bakin ramin da ƙasa da yana. Yaro ya fara kuka, ya ce ta mutu. Uba ya ce an cuce shi, ya sayi akwatin ƙasa. Daga nan sai wani ya ɗauko cokali domin ya tono ta.

Kada a tono ta. Wannan ɓuya ita ce alamar ta karɓi gidan. Wadda ta ke ta hawan bango dare da rana ita ce ba ta sami abin da ta ke so ba. Toshe rami kuwa yawanci yana nufin tana shirin saɓa, kamar yadda maciji ya ke yi. Fatarta ba ta girma tare da ita, sai ta tuɓe ta dukka, har da ta fiƙoƙinta. Ƙarama ta kan yi haka sau da dama a shekara, babba kuwa kamar sau ɗaya. Kafin lokacin ta kan ƙi abinci makonni, wani lokaci watanni. In ranar ta zo, ta kan kwanta rigingine, ƙafafu sama, ta yi shiru sa'o'i masu yawa. Wanda bai sani ba zai rantse gawa ce. In aka taɓa ta ko aka juya ta a wannan hali, tana iya maƙalewa a cikin tsohuwar fatar ta mutu, ko ta fito da nakasa. Wadda ta ke mutuwa da gaske a kife a ke tarar da ita, ƙafafu a lanƙwashe a ƙarƙashin jiki. Wannan ma sau da yawa ƙishirwa ce ta ke jawo shi, domin da ƙarfin jininta ta ke miƙe ƙafafu, in ruwan jikinta ya ragu sai su naɗe. Shi ya sa ko ta yi wata uku ba a gan ta ba, ba a barin murfin ruwa ya bushe. Da dare ta ke fitowa ta sha, sa'ad da gida ya yi barci. Yaron da ya ke so ya gan ta, sai ya zo a hankali bayan an kashe fitila, zai iya tarar da ƙafafunta na gaba a bakin rami tana jiran abinci.

Bayan saɓa jikinta ya kan yi laushi, fiƙoƙinta kuma farare. A bar babba kwana 10 ko mako biyu kafin a ba ta abinci, sai fiƙoƙin sun koma baƙi. Wani abin mamaki shi ne, in ta rasa ƙafa, wata ta kan fito a saɓa ta gaba, ƙarama da farko.

Abincinta gyare ne da kyankyaso, waɗanda a ke kiwo musamman domin wannan. Ɗaya ko biyu a mako ya ishi babba, har a kan tsallake mako. A sa shi a bakin rami da hantsaki mai tsawo. In gari ya waye bai ɓace ba, a cire shi, gama gyare mai yunwa ya kan ciji tarantula mai saɓa. In ramin a toshe ya ke, kada a sa kome.

Game da ɗauka a hannu, shawararmu ita ce a bari. Ba ta sabawa da mutum kamar kyanwa, wannan ta Kosta Rika kuwa mai firgita ce, ta kan zabura ta faɗi. Cizonta yana da zafi, ko da shi ke ba mai kisa ba ne. Tana kuma da wani makami: ta kan karkaɗe gashin bayanta da ƙafa, ya tashi cikin iska. A fata yana yi kamar ƙaiƙayin gero, amma in ya shiga ido sai an je wurin likita. Don haka ba a kai fuska kusa da akwati a buɗe, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ƙasar. Gidan da a ke da mai rarrafe, akwatin ya zauna a inda hannunsa ba ya kai.

Masu karatunmu na Kamaru za su ce ai suna da irinta a gida. Gaskiya ne. A kurmin ƙasarsu akwai wata babba mai haƙa rami mai zurfi, Hysterocrates gigas, har a kan kai ta Turai a sayar. Amma na Afirka da na Asiya ba su da wannan gashi mai ƙaiƙayi, saboda haka da cizo su ke kāre kansu. Sun fi sauri, sun fi faɗa, dafinsu kuma ya fi ƙarfi. Ba na sabon shiga ba ne, balle yaro. Wadda aka gani a daji, a bar ta a raminta. Kamun da aka yi ta yi wa mai jan gwiwa ta ƙasar Meziko shi ya sa a 1985 aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta ke tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Mai saye ya tambaya ko a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe wadda a ke sayar masa.

Saura maganin ƙwari. Abin da ya ke kashe sauro da kyankyaso yana kashe ta ita ma. Ba a fesa shi ko a kunna na hayaƙi a ɗakin da ta ke, ba a kuma ba ta kyankyason da aka kama a madafa. Wanda ya shafa wa kare ko kyanwa maganin ƙuma, ya wanke hannu da sabulu kafin ya buɗe murfin akwatin.