Idan maganin birus ne ya kwantar da kwamfuta

Ƙanena yana da ɗan shago a Kore Mairuwa, bakin kwaltar da ke zuwa Dogondutsi. Kwamfuta guda gare shi da injin fotokofi, da su yake buga wa mutane takardun neman aiki, da dosiyen ƴan lakwal, da katin biki. Bara, ana tsakiyar ajiye dosiyen jarrabawa, ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa don antibirus ya sabunta kansa, abin nan da muke ce ma mizajur. Washegari ta ƙi tashi. Ta kunna, allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake kunnawa, haka har azahar. Ya sa ta a kwali ya hau mota zuwa Dutsi. Mai gyara ya ce sai dai a share komai a sake zuba Windows. Aikin shekara uku ya tafi a yini guda. Da ya kira ni, cewa ya yi: "Yaya, ni fa ba birus ya ci ni ba, maganin ne."

Kada ku ce ai abin ƙauye ne. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya saki wata sabuntawa mai kuskure. Bai kai awa ɗaya da rabi ba ya janye ta, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ce kimanin na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya, kuma yawancin injunan sai da mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cire gurɓataccen fayil ɗin da hannu. Kafin nan, a watan Afrilun 2010, antibirus ɗin McAfee ya ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin birus, ya kawar da shi, kwamfutoci suka dinga mutuwa suna tashi.

Me ya sa ɓarnar take girma haka? Saboda antibirus can cikin zuciyar Windows yake zaune. Kamar maigadi ne da aka damƙa wa makullin kowane ɗaki. In ya yi kuskure, gidan duka ake rufewa.

To sai mu daina mizajur ke nan? A'a, wannan ma halaka ce. A watan Mayun 2017 birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganin. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ke biyan kuɗin kuskuren. Babban kamfani yana da injiniyoyi da lauyoyi da kwafin bayanansa a wuri uku. Ƙanena kuwa kuɗin mota ya biya, ya biya mai gyara, ya kuma sha kunyar iyayen yara. Yanzu ofisoshinmu, daga ma'aikatar magajin gari zuwa gidan likita da makarantu, suna ta komawa aiki da kwamfuta. Ranar da injin da ke riƙe da takardun haihuwa ya ƙi tashi, talakan da ya taho daga daji a kan amalanke shi za a ce wa "ka dawo gobe".

Don haka ga abin da nake kira gare shi. Mu matasa masu shago da masu aiki a ofis, kowa ya samu kile USB ko faifan ajiya na waje, duk Juma'a ya kwafe aikinsa, ya ajiye shi nesa da kwamfutar. Kada a yi mizajur ana gobe ranar ƙarshe ta ajiye dosiye, a bari sai aiki ya lafa. Inda injuna suke da yawa, a fara gwadawa a kan guda. Antibirus ɗaya ya isa, kuma a guji na sata da ake turawa a WhatsApp. In kwamfuta ta kwanta, a ce mai gyara ya fara ciro fayiloli kafin ya share komai, don sau da yawa suna nan lafiya lau.

Hukumomi kuma, duk wanda zai kawo mana kyautar kwamfuta a tambaye shi: ina wurin ajiyar kwafi, wa zai gyara, wa aka horar a nan garin? Kuma kada a yar da rajistan takarda tukuna.

Ƙanena ya sayi kile biyu. Ɗaya na shago, ɗaya yana cikin akwatin Inna. Ku fa, yaushe rabonku da kwafe aikinku?