Salula ta san sirrin ɗan kasuwa, wa ya san nata?

Daga Mai Yara zuwa Dakoro, daga Dakoro zuwa babbar kasuwar Maraɗi, da wuya a tarar da dillalin wake ko na bisashe wanda ba ya riƙe da salula. Da ita yake jin farashi, da ita yake aika kuɗi, cikinta yake ajiye sunayen masu bin sa bashi da waɗanda yake bi. Malamin makaranta da ma'aikacin gidan magajin gari su ma haka. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To amma yau sirrin da ciki ke riƙewa an danƙa shi ga na'urar da mai ita bai san wa take yi wa aiki ba.

Wannan magana tana da hujja. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa Google na ci gaba da rubuta wuraren da mutum ya taka ko da ya kashe tarihin tafiye-tafiyensa, kuma a 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka 40 dalar Amurka miliyan 391.5 a kan wannan batu. A 2020 masu bincike sun tarar da muguwar manhaja cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a Habasha, Gana, Kamaru da wasu ƙasashe, tana cinye kuɗin masu su a ɓoye tun daga ranar da aka ciro su daga kwali. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka ne wasu masana suka ƙera wata uwar manhaja da za ta maye gurbin Android ɗin da waya ke zuwa da shi. Akwai LineageOS da ta fito a 2016, akwai GrapheneOS, akwai kuma /e/OS ta Bafaranshe Gaël Duval. Binciken jami'ar Trinity ta Dublin a 2021 ya nuna wayoyin Samsung, Xiaomi da Huawei na tura bayanai masu yawa ko mai su bai taɓa su ba, alhali /e/OS kusan ba ta tura komai. Ma'aikacin da ke riƙe da takardun hukuma ko na talakawa, in yana da hali, ya kamata ya sauya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: wannan magani bai iso Mai Yara ba. GrapheneOS an gina ta ne domin wayoyin Pixel, masu tsadar da ta fi ƙarfin manomi. Tecno da Itel, waɗanda suka cika aljihun jama'a, galibinsu ba sa cikin jerin wayoyin da sauran ke karɓa. Sauyin yana goge duk abin da ke cikin waya, kuma wasu manhajojin banki kan ƙi aiki bayansa. Wanda ya miƙa wayarsa ga mai gyara na bakin tasha ya sauya masa, ya guje wa kamfanin da ke nesa ya faɗa hannun maƙwabci.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Sabuwar manhaja na iya toshe kunnen Google, amma ba ta toshe na kamfanin layi, wanda ya san sunan mai lamba, da wanda ya kira, da inda yake tsaye. A watan Mayun 2020 Majalisar Dokoki ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraron saƙonnin waya da sunan tsaro, ƴan adawa suka ƙaurace wa ƙuri'ar. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula har kwana 10. A ranakun nan, mai Pixel da mai Itel duk ɗaya suke.

Ke nan maganar ta doka ce kafin ta zama ta na'ura. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta kafa hukumar HAPDP domin tsaronta. Wajibi ne wannan hukuma ta fito daga Yamai, ta yi wa mutane bayani da Hausa ta gidajen rediyon karkara, ta kuma nemi a binciki wayoyin da ake shigowa da su kafin su hau tebur. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago, waɗanda suka san yadda aka kai ga Taron Ƙasa na 1991, su sa wannan buƙata cikin jerin kokensu.

Kafin nan, ɗan kasuwa ya sa wa wayarsa lambar sirri, ya hana kowace manhaja ganin sunaye da hotunan da ba ruwanta da su, ya bar babban lissafinsa cikin littafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.