Kwamfuta Ɗaya, Ɗalibai Biyar: Dabarar da ta Dace da Makarantun Kudancin Kano

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta kacokan. Ke nan ɗalibin da ya tashi a Riruwai ta Doguwa, ko Tiga ta Bebeji, ko wani ƙauye na Kiru ko Tudun Wada, dole ya zauna gaban na'ura ya fafata da ɗan birnin da ya saba da ita tun yana firamare. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yakan ɓarnatar da lokacinsa wajen neman inda zai danna, ko da kuwa ya san amsa. Uzurin makarantu bai wuce biyu ba, wato tsadar na'ura da rashin wuta. Akwai tsohuwar dabara da ke rage kaifin duka biyun.

Abin da ke zana hoton da ake gani a allon kwamfuta shi ne katin hoto, wani ɗan faranti da ake sokawa a rami cikin akwatin na'urar. Akwati mai ramuka da yawa yana ɗaukar kati fiye da ɗaya, kowane kati da allonsa. Macintosh II ta 1987 tana yin haka, Windows 98 kuma tana ɗaukar allo har tara. Da farko mutum ɗaya ake faɗaɗa wa wurin aiki. Daga baya masana suka ga cewa in an haɗa kowane allo da madannai da linzaminsa, babbar manhaja irin Linux za ta iya raba akwatin tsakanin mutane da dama, kowa na aikinsa ba ya ganin na wani. Dalili kuwa, yaron da ke koyon buga rubutu ɗan kaɗan yake ci daga ƙarfin na'urar, sauran yana zaman banza. Jihar Parana ta Brazil ta baza wannan tsari a makarantun gwamnati da taimakon jami'ar tarayya da ke can, kamfanin Microsoft ma ya fitar da irinsa a 2010.

Alal misali, a ɗauka akwati na cin wat 100, allo kuma wat 25. Kwamfuta biyar za su ci wat 625. Akwati ɗaya da aka ƙara wa katuna, a ce ya kai wat 150, da allo biyar, wat 275 ne kawai. Farantin sola da batirin da makaranta za ta saya sun ragu da fiye da rabi.

Masu suka suna da hujja. Ranar da akwatin ya lalace, yara biyar ne za su naɗe hannu, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa na'ura. Haɗa tsarin ma yana bukatar gwani. Amma kula da akwati huɗu a ajin ɗalibai ashirin ya fi sauƙi a kan kula da ashirin, kuma rarar kuɗin ta isa a ajiye akwati guda na ko-ta-kwana. Wannan ɗakin koyo ne da atisaye. Cibiyar jarrabawa tana da nata ƙa'idojin.

Saboda haka ya kamata shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, kafin su sayi na'ura, su ƙirga yara nawa za su samu wurin zama. Sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'in Kano kuma su horar da malami ɗaya aƙalla daga kowace makaranta kan haɗawa da gyara. Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki. Makarantar da kuɗinta bai wuce na akwati huɗu ba tana iya zaunar da yara ashirin a lokaci guda.