Raunin Magudanar Tekun Atalantika: Abin da Ke Jiran Birnin New York

Tun bayan guguwar Sandy wadda ta afka wa birnin New York ran 29 ga watan Oktoban 2012, ta hallaka mutane fiye da 40, ta kuma jawo asarar kimanin dala biliyan 19, mahukuntan birnin suke ta faɗi-tashin kare shi daga ambaliya. To amma masana sun ce akwai wata barazanar da ba ta zuwa da iska ko tsawa, watau raunin da babbar magudanar ruwan Tekun Atalantika za ta iya yi saboda ɗumamar yanayi.

Ita dai wannan magudana tana kwaso ruwa mai ɗumi da gishiri ne daga yankunan zafi, ta bi da shi ta saman teku zuwa arewa. Idan ruwan ya isa kusa da tsibirin Girinlan sai ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, kana ya juyo kudu ta ƙarƙashin teku. Da haka ne take rarraba zafi tsakanin sassan duniya. Marigayi Farfesa Wallace Broecker na Jami'ar Kolambiya da ke New York, wanda ya rasu a 2019, shi ne ya yayata bayanin wannan zagaye a shekarun 1980, ya kuma yi kashedin cewa yana iya sauyawa farat ɗaya, kamar yadda alamu suka nuna ya taɓa yi shekaru kusan 12,900 da suka shige.

Abin da ke tayar da hankali shi ne, ƙanƙarar Girinlan tana narkewa, ruwanta kuwa ba shi da gishiri. Idan ya gauraya da na teku sai ya rage masa nauyi, ruwan da bai yi nauyi ba kuma ba ya nutsewa sosai. Nutsewar nan kuwa tana daga cikin abubuwan da ke tafiyar da magudanar.

Dalilin da ya sa batun ya shafi New York kai tsaye shi ne, muddin magudanar tana gudu da ƙarfi, juyawar duniya takan sa ruwa ya karkata nesa da gaɓar gabashin Amurka. Da zarar ta sassauta, sai ruwan ya komo gaɓa. An ma ga ɗan misali. Na'urorin da aka girka a tekun tun 2004 sun nuna cewa ƙarfinta ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100 tsakanin 2009 da 2010, kuma wani bincike da aka buga a 2015 ya gano cewa a daidai lokacin ruwan teku ya tashi da kusan santimita 13 a gaɓar da ke arewa da New York. Wannan kuwa ƙari ne a kan kimanin santimita 30 da ruwan ya riga ya hau a bakin birnin tun daga 1900.

To sai dai kan masana ya rabu game da lokaci. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa da wuya magudanar ba ta yi rauni a wannan ƙarni ba, amma bai sa ran za ta tsaya cik kafin 2100 ba. A 2023 wasu masana biyu na Jami'ar Kofanhegin, Peter da Susanne Ditlevsen, suka ce tana iya durƙushewa wajen tsakiyar ƙarnin. A 2025 kuma masu bincike a hukumar yanayi ta Birtaniya suka ce iskar tekun kudancin duniya za ta hana ta mutuwa baki ɗaya. Duk da wannan saɓani, akasarinsu sun yarda cewa rauni na tafe.

A nasa ɓangaren, birnin ya soma aikin katangu da ƙofofin tare ruwa a gabashin tsibirin Manhattan a 2020, kan kuɗi dala biliyan 1.45. A 2022 sashen injiniyoyin sojan Amurka ya gabatar da wani shiri na kimanin dala biliyan 52 domin kare yankin gaba ɗaya. Matsalar ita ce, tsayin kowace katanga ya dogara ne a kan hasashen tsayin ruwa, hasashen kuwa yana iya sauyawa idan magudanar ta yi rauni da wuri. Bugu da ƙari, a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umurnin janye Amurka daga yarjejeniyar Paris ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Ga 'yan Afirka ta Yamma mazauna unguwar Bronx, lamarin ya shafi gida biyu ne. Idan arewacin Atalantika ya yi sanyi, damina takan ja baya zuwa kudu, kuma masana sun danganta farin da ya addabi yankin Sahel a 1973 da 1984 da irin wannan sanyi. Ke nan raunin da zai tura ruwa titunan New York shi ne zai iya hana shi sauka a gonakin Katsina da Maraɗi, inda manomi ba shi da katangar da zai gina wa fari.