Tsakanin Tawakkali da Ƙunshin Ganyen Ƙasar Sin

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan uwana matasa, kwanan baya na je Kalgo duba wani kawuna da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. A gefen tabarmarsa na tarar da wasu ƙunshin ganye masu rubutun Sinanci, waɗanda ɗansa ya yi odarsu ta intanet. Gwajin asibiti ya nuna sinadarin yurik asid ya yi yawa a jinin tsohon, sai mai talla ya tabbatar wa yaron cewa ganyen zai wanke jinin, hannu da ƙafa kuma su tashi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, sati uku ke nan da ajiye ƙwayar hawan jini. Da na yi magana sai yaron ya ce: "Yaya, ai Allah ne mai warkarwa."

Gaskiya ya faɗa, amma ya ɗora ta inda ba muhallinta ba. Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani, kuma shi ne ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi kafin ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumi a nan shi ne sanin abin da kake ɗura wa mahaifinka.

Mene ne yurik asid? Dattin da jiki ke fitarwa ne idan ya narka wani sinadari mai suna furin, wanda ke da yawa a kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da jan nama, da wasu nau'o'in kifi. Ƙoda ce ke tace mafi yawansa ta fitar ta fitsari. Idan ya taru yana daskarewa a gaɓoɓi, musamman babbar yatsar ƙafa, ko ya zama tsakuwar ƙoda. Sau da yawa yana tafiya tare da hawan jini da raunin ƙoda, shi ya sa ake yawan ganinsa ga masu shanyewar ɓarin jiki. Wasu magungunan da ake ba su, kamar ƙaramin asfirin da ƙwayar sa fitsari, su ma suna ɗaga shi. Ke nan lambar da ta hau a takardar gwaji tana iya zama saƙo daga ƙodar da ta fara gajiya. Shin hankali ne a ƙara wa gajiyayyar ƙoda abin da ba a san asalinsa ba?

Kada a fahimce ni a baibai, ba raina ilmin mutanen Sin nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a yau, tushensa ganyen tazargade ne, kuma wata baiwar Allah 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Sai dai ganyen bai kai wannan matsayi ba sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada shekara da shekaru. A Sin ma akwai haɗe-haɗen da ake ba masu ciwon gaɓoɓi, amma ƙwararren da ya duba majinyaci ne ke rubutawa, ba ɗan talla ba.

Ga ɗaya ɓangaren. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a ƙasar Beljiyam, an yi kuskuren musanya wani saiwar Sin da wani mai suna Aristolochia. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasunsu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Haka nan saiwar danshen, wadda ta shahara wajen masu ciwon zuciya da jijiya, tana ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har ta kai ga zubar jini. Mu tuna shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: toshewar jijiya a ƙwaƙwalwa, da fashewarta. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su. Abin da ke tsinka jini ga wanda jijiyarsa ta fashe, ƙara wa wuta fetur ne.

Masu talla kan kafa hujja da maganar nan ta neman ilmi har ƙasar Sin. Malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa ba ta inganta ba. Ko da ta inganta, ilmi aka ce, ba ƙunshin da ba ka iya karanta rubutun jikinsa ba.

Mu mutanen ƙasar Gwandu muna da gado a wannan fage. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya yi rubutu kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai a kan magani. A wurinsu magani fanni ne da ake karanta, ba jita-jita ba. Abin kunya ne jikokinsu, masu waya a hannu, su fi su saurin ruɗuwa.

Shawarata ga duk mai jinyar iyaye: kada a tsayar da maganin hawan jini ba da izinin likita ba, domin hawan jini ne babban abin da ke dawo da ciwon. A ɗauki duk wani ganye da ake sha, na Sin ne ko na gida, a nuna wa likita ko mai harhaɗa magani a Birnin Kebbi ko Kalgo, ba tare da jin kunya ba. A nemi gwajin ƙoda. A duba lambar NAFDAC, tare da sanin cewa lambar ba shaidar waraka ba ce. A rage kayan ciki da lemon kwalba, a yawaita shan ruwa a zafin nan namu sai in likita ya taƙaita, a kuma lazimci motsa gaɓoɓi.

Kawuna ya koma kan ƙwayarsa, alhamdu lillahi. Jikin iyayenmu amana ne, kuma za a tambaye mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana kurakuranmu. Amin.

Wassalamu alaikum.